Kurakuran da aka fi yi da littafin kisan kai mai barkwanci, har da waɗanda suka ci ni

A cikin wata ɗaya mutum huɗu suka same ni da magana iri ɗaya, kowa fuska a murtuke, wai sun sayi littafin nan da ake ta zuzutawa, wanda aka ce akwai kisa a ciki kuma akwai ban dariya, sun karanta ba su ga abin dariya ba, ba su ga binciken kirki ba, lokacinsu ya tafi a banza. Na ukun ma cewa ya yi ni na ja masa, don ya taɓa jin ina yabon irin waɗannan littattafan. To dama zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Na gaji da maimaita amsa ɗaya baki da baki, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake zuwa da wannan kukan sai in miƙa masa.

Ba zan kama sunan littafin ba, don ba shi kaɗai ba ne, duk shekara sai an samu wani irinsa ya tashe, a yi ta yayinsa, rabin waɗanda suka saya su dawo suna tsaki. Ina magana ne a kan ƙagaggen labarin da ake haɗa aikata laifi da baƙin barkwanci, wato ga gawa a kwance amma marubucin yana son ka murmusa. Ni kaina na yi tsakin nan, kuma nawa ya fi naku tsada, za ku ji.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya buɗe littafin yana jiran wasa ƙwaƙwalwa, yana son ya gano wa ya yi kisan kafin ɗan sanda ya gano. Wannan wani gida ne daban, mai dokokinsa. A 1929 wani limamin coci ɗan Ingila mai suna Ronald Knox har dokoki goma ya jera wa masu rubuta labarin bincike, ya ce dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, kada mai binciken ya zama shi ne makashin, kada sa'a ta warware masa matsala, kada a fito da tagwaye kwatsam ba a shirya mai karatu ba. Wanda ya saba da irin wannan yana karatu ne kamar mai duba lissafi, kowace sigari da aka yar a ƙasa sai ya ajiye ta a ransa. To shi littafin baƙin barkwanci sau da yawa tun shafi na uku ya gaya maka wanda ya yi kisan, kai wani lokacin ma makashin ne ke ba ka labarin da bakinsa. Kuma wannan ba sabon abu ba ne, tun 1912 R. Austin Freeman ya fitar da labaran da ake nuna maka laifin da mai laifin tukuna sannan a biyo da yadda aka kama shi. Abin da ake so ka bi shi ne yadda wawa zai yi ta ƙoƙarin rufe ɓarna ɗaya yana buɗe uku, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Sa'ar da Knox ya hana ita ce ma jarin littafin, maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa daidai lokacin da ake jan kafet. In ka ga an gaya maka makashi da wuri ka ajiye biro da takardar zarginka, tambayar ta koma "yaya zai ƙare" kawai.

Na biyu kuma masu jiran ƙyaƙyatawa ne. Sun ga an rubuta a bango cewa littafin zai sa ka dariya har cikinka ya ƙulle, sai su zauna suna jira kamar masu kallon kwamedi, shafi ashirin shiru, shafi hamsin shiru, sai su ce an yaudare su. Dariyar irin wannan rubutun ba ta cika fitowa fili ba, yawanci yaƙe ce, ko wannan ɗan hucin da ke fita ta hanci sannan ka ji kunyar kanka don me ma ka yi. Gatse ne ginshiƙinta. Masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud ya kawo wani misali a 1905 da har yau ban ga wanda ya fi shi ba, an fito da mutum za a kai shi wurin rataya ran Litinin, sai ya ce to, wannan makon ya fara da kyau. Shikenan barkwancin. In kana jiran wani ya zame ya faɗi ne, ka yi ta jira. Tun 1729 Jonathan Swift ya rubuta wata 'yar maƙala cikin natsuwa da lissafi kamar ma'aikacin gwamnati, yana ba da shawara wai talakawan Ayalan su riƙa sayar wa masu kuɗi jariransu a ci, talauci ya ragu. Babu inda ya yi dariya a ciki, kuma ba jarirai yake wa ba'a ba, masu mulki da masu gonaki yake yanka da wuƙar da ba ta da jini. Da marubuci André Breton ya tattara irin waɗannan rubuce-rubucen a Faransa a 1940, wanda daga nan ne sunan baƙin barkwanci ya bazu, da Swift ya buɗe, kuma gwamnatin Faransa ta lokacin, wadda ake kira gwamnatin Vichy, ta hana littafin fita. Ka ga ashe masu mulki sun gane inda aka dosa ko da ba su yi dariya ba. Abin da nake yi ni, in na ji shiru, sai in karanta sakin layi ɗaya a fili da muryar mai karanta labarai, ba yabo ba fallasa. In akwai gatse a ciki nan take zai taso. In na karanta a fili sau biyu ban ji komai ba, to babu ne.

Yanzu ga wanda ya ci ni, kuma don Allah ku karanta wannan ko da za ku tsallake sauran.

Kada ka taɓa ba wani irin wannan littafin kyauta ba ka karanta ba. Kada. Ko bangon ya rantse maka da abin da zai kashe shi. Shekarun baya mijin yayata ya rasu bayan doguwar jinya, wata biyu da rasuwar ta daina cin abin kirki ta daina fita, ita kuma mai son karatu ce tun muna yara ita ta koya min ma. Ni da wayona sai na ce bari in nemo mata abin da zai sa ta ɗan saki ranta. Lokacin akwai wani littafi da ko'ina ka juya shi ake magana, bango ruwan ɗorawa mai haske, an zana wata tsohuwa da kofi a hannu tana murmushi, an jera yabo har layi shida a baya, wannan ya ce ya yi dariya har hawaye wancan ya ce bai iya ajiyewa ba. Ban buɗe ko shafi ɗaya ba wallahi. Na saya har da na biyu da na ukunsa a lokaci guda don na ga jeri ne, na kai mata na farkon ina ta washe baki ina cewa Yaya wannan zai ɗebe miki kewa.

Bayan kwana biyu ta kira ni, murya a sanyaye, ta ce ƙanina, ka karanta littafin nan kuwa kafin ka kawo min? Na fara kame-kame. Ta ce zo ka ɗauki abinka. Da na je yana kan tebur ta saka wata 'yar takarda a shafi na tara, iya inda ta kai ke nan. A mota na buɗe. Babin farko mata ce mijinta ya mutu a kan gado bayan jinya, ta ja gawar ta saka a firiza don ta ci gaba da karɓar fanshonsa, kuma marubucin ya ɗauki shafi biyu cur yana wasa da yadda ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. Na kashe mota na zauna, na fi minti ashirin ban iya tuƙi ba. Yaya ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi, cewa kawai ta yi na san alheri ka nufa. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kuma abin haushin, laifin ba na marubucin ba ne, shi abin da ya iya ya rubuta. Ni ne na yi wa rogo kallon kitse. Bangon littafi talla ne, masu sayarwa ke tsara shi, kuma sun san kalmar ban dariya ta fi kalmar gawa jawo mai saye, shi ya sa za su sa launi mai haske da zanen yara a kan labarin da ke cike da jini. Yabon da ke baya kuma yawanci wasu marubuta ne aka roƙa su faɗi jimla ɗaya, ko an yanko rabin jimla daga sharhin jarida an bar sauran rabin da ke cewa amma. Shi kuma tambarin nan na cewa littafin ya fi kowane kasuwa, ku gane abin da yake nufi. Jerin jaridar New York Times da ake yawan bugawa a bango tun 1931 ake yinsa, kuma ciniki yake ƙirgawa mako-mako, nawa aka sayar. Ba ya ƙirga mutum nawa suka kai ƙarshe, balle mutum nawa suka yi jifa da shi. Ni da na sayi uku ban karanta ko ɗaya ba ai ina cikin waɗanda suka ɗaga shi sama. Tun daga ranar dokata ɗaya ce, babin farko gaba ɗaya sai na karanta shi a tsaye kafin in biya, sannan in buɗe tsakiya in karanta shafi biyu ko'ina hannuna ya faɗa, don babin farko shi aka fi gogewa, tsakiya ne ke nuna ainihin mutum. Kyauta kuwa sai na gama littafin tas, sannan in tambayi kaina me wannan mutumin ya rasa a shekarar nan.

Kuskure na gaba daga wancan ya haihu. Da na dawo da littafin gida sai taurin kai ya kama ni, na ce tunda ya jawo min wannan kunyar to dole in karanta in ga abin da mutane suka gani. Shafi ɗari huɗu da wani abu. Na yi mako uku ina jan sa kamar mai jan jaki a tabo, kullum dare in buɗe in karanta shafi ashirin in yi hamma in duba saura nawa. Tun wajen shafi na sittin na san ba ya yi min, barkwancin guda ɗaya ne ake ta juya shi, firiza ta lalace, an ɗauke wuta, baƙo ya zo yana neman ƙanƙara, firiza ta sake lalacewa. Amma na ci gaba, ina ce wa kaina ai an ce ƙarshen ne ke da daɗi, ai mutum dubu ɗari ba za su yi kuskure ba, ƙila ni ne ban waye ba. Wannan tunanin na ƙarshe shi ne gubar. Kana zaune a ɗakinka kai kaɗai kana jin kunyar mutanen da ba su san kana duniya ba. Na kai ƙarshe, ƙarshen ma ba komai, wani ɗan uwa da ba a taɓa ambata ba ya faɗo daga sama ya kwashe laifin. Kuma saboda na riga na saya sai na buɗe na biyun ma, kai jama'a, na yi shafi tamanin a ciki kafin hankalina ya dawo.

Abin da mako ukun nan ya ci min ya wuce lokaci. Na yi kusan wata biyar ban sake taɓa littafin labari ba, ko wane iri, don raina ya haɗa karatu da wahala. Wannan ne nake ji wa sababbin masu karatu tsoro, littafi ɗaya da aka tilasta wa kai yana iya kashe sha'awar shekara guda.

Akwai wata ma'aikaciyar laburare a Amurka, Nancy Pearl, da ta shahara da dokar shafi 50, ta ce ka ba littafi shafi 50, in bai kama ka ba ka ajiye, in kuma ka haura shekara 50 to ka cire shekarunka daga 100, abin da ya rage shi ne shafukan da za ka ba shi. Dokar ta yi, amma ni a wannan nau'in ban kai 50 ba ma. Gawa ta farko nake jira. Yadda marubuci ya yi da gawarsa ta farko haka zai yi da sauran, in na ga ya iya sa ni murmushi kuma a lokaci guda na ji wani abu ya tsaya min a maƙoshi, zan bi shi har ƙarshe. In murmushin ne kawai babu maƙoshin, ko maƙoshin ne kawai, na rufe. Wasu za su ce na yi gaggawa, akwai littattafan da sai a shafi na ɗari suke tashi. Na yarda akwai. Na yafe su.

Sauran ƙanana ne. Kada ka sayi jeri gaba ɗaya, ɗaya tukuna. Kada ka fara kallon fim ɗin, don ɗan wasa zai saka maka murya a kunne kuma rabin daɗin littafin muryar da kai za ka ƙirƙira ce. In fassara ce ka rage buri, gatse shi ne abu na farko da ke mutuwa a hanya tsakanin harshe da harshe. Kada ka karanta kana gyangyaɗi, jimla ɗaya za ka tsallake ka rasa inda aka soka wuƙar. Bayanin bayan bango ma a daina karanta shi har ƙarshe, sau da yawa ya tona abin da ke shafi na ɗari.

Sai masu cewa ni fa ban ga mutumin kirki ko ɗaya a littafin ba. Haba malam. Ka shiga labarin ɓarayi da makasa kana neman wanda za ka ba 'yarka? Ba a ce ka so su ba, an ce ka kalle su. Kuma ka daina yarda da duk abin da mai ba da labarin ya faɗa, in ya ce shi mutum ne mai haƙuri alhali yanzun nan ya fasa wa wani kai da abin goge kaya, to tazarar da ke tsakanin bakinsa da hannunsa ita ce barkwancin. Masana adabi suna da suna ma ga irin wannan mai ba da labarin da ba a dogara da shi, Wayne Booth ne ya raɗa masa a 1961. Na taɓa jin wani yana zagin marubuci wai yana goyon bayan kisa saboda jaruminsa bai yi nadama ba. Ban ma san ta inda zan fara ba sai na yi shiru.

Amma fa ku da kuka karanta kuka ji daɗi, ku ma ina da magana da ku, don ku ne kuke sa yaran nan suna jin kamar su dolaye ne. Da mutum ya ce bai ji daɗin littafin ba sai ku ɗaga hanci ku ce ai ba ka gane ba ne, sai mai zurfin tunani. Ƙarya ne. Wani lokacin an gane sarai, littafin ne ba shi da kyau, kuma farin jini bai taɓa hana littafi zama shirme ba. Ni ga yadda nake rabewa. In kowane mutum a cikin labarin, daga ɗan sanda har yaro ɗan shekara bakwai, duk bakinsu ɗaya, kowa gwanin baƙar magana, to marubucin ne ke ta magana shi kaɗai ya sa musu huluna daban-daban. In duk lokacin da labari ya fara sanyi sai a kashe wani, to gawa ta zama man fetur, babu labarin. Babbar alamar kuma ita ce ka duba wa ake yi wa dariya. Swift masu ƙarfi ya yi wa. Mutumin Freud kansa ya yi wa, shi da ke kan hanyar igiya. In ka ga littafi kullum wanda aka kashe ake wa ba'a, ƙibarsa, tsufansa, yadda ya yi fitsari a wando don tsoro, shi kuma makashin an wanke shi tas an ba shi duk kalmomi masu daɗi, wannan ƙeta ce kawai aka shafa mata hoda. Kana da haƙƙin ka ce bai yi ba, kuma ba sai ka nemi afuwar kowa ba.

Na firizar nan da na ba Yaya, da na sake waiwayarsa bayan shekaru don in tabbatar ba haushi ne ya rufe min ido ba, a nan ya faɗi. Mijin bai taɓa zama mutum ba ko a layi ɗaya, kaya ne kawai mai nauyi da ake ja daga ɗaki zuwa ɗaki. Da an ba matar ko daƙiƙa ɗaya ta buɗe murfin ta ga fuskarsa ta rasa abin cewa, da duk sauran barkwancin ya samu gishiri. Ba a ba ta ba.

Na biyun da na ukun suna nan har yanzu, na ukun ko ledarsa ban cire ba. Ƙafar teburin karatuna ɗaya ta fi sauran gajarta, na biyun ya zauna a wurin daidai kamar an auna. Kwanaki Yaya ta zo ta gan shi a ƙasa, ta sunkuya ta leƙa bangon ta gane shi, ta ɗago ta kalle ni ta ce ashe dai yana da amfani. Ita ta fara dariya kafin ni.